Zuwa Sabon Gari Neman Maganin Fitilun Babur

Samaru, ƙarfe biyar da kwata na asuba

Ranar Alhamis muka tashi daga gidanmu da ke Hayin Dogo, ni da matata Saratu, ƙarfe biyar da kwata daidai, bayan mun yi addu'ar safe a tsaitsaye. Wanda ya ga shirinmu sai ya ce Legas za mu. Ni ga hular kwano, ga jaket, ga safar hannu. Ita ta ɗora tata hular kwanon a kan ɗankwali, ta riƙo gorar ruwa da lema. Alhali kuwa Sabon Gari za mu, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi sau goma a wuni.

Bari in faɗi dalili. Sunana Ishaya, tsohon malamin firamare, na yi ritaya. Shekara biyu da suka wuce na sayi wani ƙaton babur na doguwar tafiya a hannun wani bawan Allah da zai koma garinsu. Yana da akwati biyu a gefe, da gilashi a gaba, da kujerar baya mai majingini kamar ta falo. Ban da babbar fitila, yana da ƙanana biyu a ƙasa, dama da hagu, masu haska ramuka da gefen hanya. Muddin ina kan ƙaramar wuta, wadda direbobi ke kira dim, su ukun suna ci lafiya lau. Da zarar na danna ful don in hango nesa, sai ƙananan nan biyu su mutu murus. In ga abin da ke can, in rasa abin da ke nan.

A watan jiya muna dawowa daga gaisuwar rasuwa a Giwa da magariba, na danna ful. Na hango wata tirela can nesa sarai, har launin tamfol ɗinta na gani. Ramin da ke gaban tayata ne ban gani ba. Ni dai na tsaya a kan babur. Saratu ce ta sauka ba shiri, ta samu kanta zaune a gonar dawar wani, ta yi sati tana ɗingishi.

To, ga shi 'yarmu Ladi ta haihu a Zonkwa, jikanmu na fari, ranar Lahadi za a miƙa shi ga Ubangiji a coci. Na ce a babur za mu je, mu yi sammakon Asabar. Saratu ta ce ta yarda, da sharaɗi ɗaya: in fitilun nan ba su gyaru ranar Alhamis ba, mota za mu shiga, babur kuma ya tafi kasuwa. Sammakon da muka yi ma nata ne. Ta ce sai ta ga ciwon da idonta a cikin duhu, don ita za ta yi wa mai gyara bayani. A cewarta, in ni ne, da tarihin babur ɗin zan fara, har rana ta faɗi ban iso kan fitila ba.

Na mayar da mitar babur sifili a ƙofar gida. Da muka hau babban titi ta taɓa kafaɗata.

"Baban Ladi, danna mu gani."

Na danna. Suka mutu.

"Na gani. Mayar da shi kafin mu ga gonar wani."

Palladan, ƙarfe shida saura ashirin

Kilomita biyar da ɗoriya. Muka tsaya wurin wata mai koko da ƙosai a bakin hanya, muka zauna a benci. Ƙosan naira hamsin-hamsin ne, kuma sun yi ƙanƙanta har Saratu ta tambayi matar ko yaye su aka yi da wuri. Matar ta yi dariya, ta ƙara mana biyu.

Kafin in kai kofi baki, 'yan acaɓa sun kewaye babur. Haka yake yi min ko'ina, ba ya barin mutum ya ci abinci a ɓoye. Saratu ta faɗa musu matsalar, nan take wurin ya zama asibiti. Wani ya ce batir ne. Wani ya ce ƙwan fitilar ne ya gaji. Wani dogo mai jar hula ya ce babur ɗin ƙasar sanyi ne, zafin Zariya ne ke narka masa waya. Can wani dattijo a cikinsu, da ke goge madubinsa bai ko matso ba, ya ce, "Ni a ganina ba lalacewa ya yi ba. Haka masu ƙera shi suka yi shi." Duk aka fashe da dariya, har da ni.

A ƙarshe suka haɗu a kan magana ɗaya: mu je Kwangila wurin wani mai gyaran wutar mota, Ɗanjuma, wanda ake wa laƙabi da Injiniya. Suka ce ko jirgin sama aka kawo masa zai kunna.

Kwangila, ƙarfe bakwai

Mita ta nuna kilomita takwas. Mun jira rabin awa kafin Injiniya ya iso, mutum mai fara'a, da sukundireba a bayan kunne. Saratu ta fara bayani, bai bar ta ta kai ƙarshe ba.

"Mama, kada ki wahalar da bakinki. Irin wannan na yi ya fi ɗari."

Ya cire kujera, ya buɗe cikin babur, wayoyi suka bayyana ja da kore da ruwan ɗorawa. Na lura ya sosa ƙeya. Daga nan ya shiga aiki: ya yanke nan, ya fere can da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da baƙin tef. Duk wayar da ya taɓa sai ya ce, "Ga munafukar." Na ƙirga munafukai har shida.

Awa ɗaya ya ɗauka. Da ya gama rana ta fito sosai, ba yadda za a yi a ga haske. Sai Saratu ta buɗe lema ta kara a gaban fitilun, mu uku muka durƙusa muka cusa kai ƙarƙashinta kamar masu ƙulla wani abu. Na danna ful. Su ukun suka kama. Na miƙe na rungume Injiniya. Na kalli Saratu irin kallon da nake wa ɗalibin da ya ce lissafina ba daidai ba ne.

"Mu dai je," in ji ta. Ta ce tunda mun fito, sai mu ƙarasa kasuwar Sabon Gari ta yi wa jariri sayayya.

Shingen bincike, ƙarfe tara saura kwata

Ba mu yi kilomita ɗaya ba wani mai keke napep ya shigo gabana. Na danna hon. Ko ƙyas bai yi ba, sai dai na ga hasken fitilata ya walƙa a bayan keken. Na taka birkin ƙafa, muka wuce lafiya. Na ci gaba da tuƙi, ina fatan Saratu ba ta lura ba.

Gaba kaɗan akwai shinge a wata 'yar gangara. Wani jami'i ya ɗaga min hannu. Na matse birkin hannu, karo na farko tun da muka bar Kwangila. Sai hon ya ɓarke. Hon ɗin babur ɗin nan kuwa ba na wasa ba ne, irin na manyan motoci ne. Jami'in ya yi tsalle gefe, hularsa ta faɗi.

"Baba, ni kake wa hon?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba ni ba ne."

Na saki birki, hon ya yi shiru, babur ya fara gangarawa kansa. Na sake matsewa, hon ya sake ɓarkewa a fuskarsa. Ga shi ƙafata ta dama tana ƙasa tana tallafe da mu, ba damar taka ɗaya birkin. Haka muka yi har sau uku, ya buɗe baki zai yi magana, hon ya amsa masa. Abokan aikinsa biyu suka taso. Motoci suka taru a bayanmu, su ma suka shiga yin nasu hon ɗin don kada a bar su a baya.

Saratu ce ta sauka, ta miƙa hannu ta murɗe makulli. Duniya ta yi tsit.

"Ɗana, ka yi haƙuri," ta ce da jami'in. "Mijina malamin makaranta ne, shekara talatin da biyar bai taɓa yi wa hukuma tsawa ba. Fitila muka kai gyara, aka aurar mana da birki ga hon."

Jami'in ya ɗauki hularsa yana kaɗe ta, ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya duba takarduna, ya same su daidai. Sannan ya tsuguna da kansa ya zare wayar hon ɗin.

"Mama, kada ku koma inda kuka fito. Ku shiga Unguwar Gabas ku tambayi Baba Okoro. Shi ke gyara mana tamu."

Unguwar Gabas, ƙarfe tara da rabi

Kilomita goma sha uku. Mun sami shagon ba wuya, amma a kulle. Matar da ke da shagon garin kwaki a tsallaken layin, Madam Ngozi, ta leƙo ta ce Baba ya tafi taron 'yan garinsu, sai sha biyu. Ta ba mu benci a inuwar shagonta.

Zaman awa biyu da rabi ba ƙaramin zama ba ne ga mutumin da aka yi wa babur ɗinsa wa'adi. Wajen sha ɗaya muka shiga wani ɗakin abinci a bayan layin, muka ci sakwara da miyar agushi. Sakwarar ta yi laushi, miyar kuwa barkononta sai da ya sa na cire jaket. Ina cikin share hawaye na ce, "Maman Ladi, ki dai faɗi gaskiya. Tun ranar da babur ɗin nan ya shigo gida kike ƙinsa."

Ta ajiye lomar da ta ɗauka.

"Ni ban ƙi shi ba. Kujerarsa ma ta fi ta ɗakinmu daɗi. Amma ranar nan a hanyar Giwa, ina zaune a gonar nan, abin da na tuna shi ne, da kai kaɗai ne fa? Da kai ne ka faɗi, ba kowa a bayanka? Kana tsammani ban ga yadda kake kai Littafi Mai Tsarki bakin taga ba in yamma ta yi? Idonka ba na da ba ne, Baban Ladi."

Gaskiya ta faɗa. Tun bara nake lura da magariba tana zuwar min da wuri fiye da kowa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da na bar aji, babur ɗin nan ne kaɗai ke sa in ji har yanzu ina iya tashi in tafi inda na ga dama. Na ce mata haka, a karo na farko. Ta tura min naman da ke kwanonta, ta ce, "To ci, mu je mu ga ko ya dawo."

Shagon Baba Okoro, sha biyu da minti ashirin

Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, da tabarau ɗaure da zare. A nan Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa kuwa ta fi tawa zaƙi. Na buɗe baki zan fara da yadda aka yi na sayi babur, ya ɗaga hannu.

"Malam, wa ke zama a baya?"

"Ita."

"To ita zan ji. Na gaba tuƙi yake yi, na baya shi ke ganin laifi."

Saratu ta yi bayani cikin jimla huɗu. Ya gyaɗa kai, ya cire kujera, ya ga aikin Injiniya. Bai zagi kowa ba. Ya dai cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Allah ya ba mutumin nan ƙarfin hali." Ya yi awa guda yana warware tef, yana mayar da kowace waya ga 'yar'uwarta. Birki ya koma birki, hon ya koma hon.

Sannan ya nuna min wani ɗan baƙin akwati, bai fi kwalin ashana biyu girma ba.

"Ka ga wannan? Rile ke nan, shi ne mai gadin ƙananan fitilunka. Ba ya buɗe musu wuta sai an ba shi umurni. A wurin wa yake karɓar umurni? A wurin wayar dim. Kai kuma in ka danna ful, wayar dim mutuwa take yi. Mai ba da umurni ya tafi, mai gadi ya rufe ƙofa. Babur ɗinka lafiyarsa ƙalau. Da gangan masu ƙera shi suka yi haka, don kada haske ya yi wa mai tahowa yawa."

Saratu ta kalle ni. Na tuna dattijon Palladan mai goge madubi, na ji kunya ta rufe ni.

Maganin, in ji Baba Okoro, shi ne a sauya wa mai gadi ubangida. A ɗauko masa umurni daga wayar jar fitilar baya, wadda ba ta mutuwa muddin makulli na kunne, ko dim ko ful. A sa fis a tsakani, mai yanke wuta in ta yi yawa, saboda tsaro. Amma dole a ba ƙananan fitilun makunni nasu na kansu.

"In mota ta taho, ka sauke ful, ka kashe waɗannan. In ba haka ba ka makantar da direba, shi kuma ya zo ya same ka inda kake. Yanzu ina za mu sa makunnin?"

Muka duba hannun babur. Ya cika da maɓallai, wasu ma har yau ban san aikinsu ba. Wurin da ya rage sai can kusa da mita, inda sai na saki hannu ɗaya kafin in kai.

"A sa min shi a nan," in ji Saratu. Ta nuna ƙarfen da take riƙewa a gefen kujerar baya.

"Haba, Maman Ladi! Wa ya taɓa ganin fasinja da makunnin fitila?"

"Wa ya taɓa ganin birki na yin hon? Yau ka gani."

Na juya wurin Baba Okoro ina neman ɗan'uwa namiji. Ya auna waya da tafin hannu, ya ce, "Gaskiya, Malam, wayar da za mu ɗauko a baya take. Nan ɗin ya fi kusa. Kuma in kai kaɗai ne, ka kunna kafin ka tashi, ka yi tafiyarka a hankali." Ya ƙara da cewa, "Ko kuma ka bar tafiyar duhu sai da uwargida." Na fahimci an yi zaɓe an kayar da ni, biyu da ɗaya.

Siton gari, ƙarfe uku da kwata

Ya gama ƙarfe uku. Ya ce shi ba ya gwada fitila a ƙarƙashin lema. Ya tsallaka ya yi magana da Madam Ngozi, ta buɗe mana sitonta, dogon ɗaki mara taga, cike da buhunan gari. Muka tura babur ciki, mu huɗu, aka ja ƙofa. Duhu ya rufe har ba na ganin hannuna.

Na murɗa makulli. Dim: babba ta kama. Saratu ta danna makunninta, ƙanana suka kama.

"To, Malam, ful," in ji Baba Okoro.

Na danna. Ɗakin nan ya koma kamar tsakar rana, su ukun suna ci, ba wadda ta ko ƙifta. Saratu ta ce, "Haleluya!" A daidai lokacin Madam Ngozi ta ƙwalla ƙara, don ƙananan fitilun sun haska ƙarƙashin katakon buhuna, ga wasu ɓeraye uku ƙosassu sun tsaya cak suna kallonmu, gari a gemunsu. Ta cire takalmi ta bi su tana zaginsu da harsuna uku. Ashe wata biyu tana neman inda suke shigowa. Ga ramin nan a kusurwa, fitilata ta nuna shi ƙiri-ƙiri.

Da ƙura ta lafa, Baba Okoro ya ja layi da alli a bango, ya sassauta ƙananan fitilun, ya sunkuyar da su har haskensu ya tsaya ƙasa da layin, sannan ya ɗaure. Ya ce aikinsu duba ƙasa ne, ba duba idon mutane ba. Madam Ngozi ta cika mana leda da gari, ta ce in babur ɗin na da lokaci ranar Litinin, tana da wani siton.

Hanyar gida, ƙarfe bakwai saura ashirin

Saratu ta ce sito daban, titi daban, ba za mu tashi ba sai rana ta faɗi. Muka shiga kasuwa. Ta sayi kayan jariri, da sabulu, da tawul, suka cika akwatunan biyu. Ta ƙara da wani shuɗin bahon wanka wanda ya ƙi shiga ko'ina, sai a bayan majingini muka ɗaure shi da roba.

Muka bar Sabon Gari bakwai saura ashirin. Da muka wuce Kwangila ta ce in bar babban titi in bi ta unguwar Jama'a, inda ruwan bana ya cinye hanya, don a can ne za a san gaskiya. Na danna ful, ta danna nata. Ga nesa ina gani, ga kowane rami a gabana kamar an zana shi da alli. Na riƙa kauce musu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai wata matsala ta ɓullo. Saratu ba ta ganin gaba, hular kwanona ta tare ta. Motar farko da ta taho, Saratu ba ta kashe ba, direban ya watso mana tasa wutar, ya faɗi wata magana game da kakannina. Muka tsaya muka yi shawara, aka yanke cewa ni zan riƙa faɗa.

"Kashe!"

Ta kashe.

"Kunna!"

Ta kunna.

Shekara talatin da huɗu da aure, ban taɓa faɗin kalma ɗaya an yi ta nan take ba tare da an tambaye ni dalili ba. Daɗin abin ya ɗauke ni, har na ce "kashe" a inda babu mota. Ta kashe. Na ce "kunna". Ta kunna. Da na sake, sai na ji rankwashi a bayan hular kwano.

"Ishaya, ina jin ƙarar mota in tana zuwa. Kada ka mayar da ni sigina."

Gida, bakwai da minti talatin da biyar

Mita ta nuna kilomita ashirin da tara. Na kashe babur a tsakar gida, na zauna a kai ina jiran hukunci. Saratu ta sauka, ta cire hular kwano, ta gyara ɗankwali, ta kwance baho. Ta ɗauko wayarta ta kira Ladi, ta sa a kunne, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Ladi, ya jikin? Ya ɗan baƙon? To ki ji, Asabar muna tafe, a babur. A'a, kada ki damu. Ni ce mai wuta. Babanki tuƙi kawai zai yi."

Ina miƙa godiyata ga mai ƙosan Palladan, da jami'in da ya yi dariya maimakon fushi, da Madam Ngozi, da Baba Okoro, Allah ya ƙara wa hannunsa albarka. Dattijo mai goge madubi kuwa, in wannan ya iso gare ka, ka yafe min dariyar da na yi. Sama da duka, na gode wa Ubangiji da ya fitar da mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ni da mai wutata.